Wa Ya Fi Iya Kiɗa? Daga Dandalin Kalangu Zuwa Teburin DJ



Da zarar an kai amfanin gona gida, bukukuwa sun kankama, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a fadojin samari: wane DJ ne ya fi? Wannan ya ce nasu ne, don ranar da ya kafa kaya har ƙauyen gaba an kwana ana jin sa. Wancan ya ce kai tahi can, ƙara ai ba iyawa ba ce, namu in ya kama fili ko tsohuwa sai ta gyaɗa kai. A sha shayi na farko, a sha na biyu, har na uku ya huce ba a rabu ba. Ƙarshenta sai wani ya ce to a haɗa gasa mana, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai.

Haɗa gasa ba shi da wuya. Fili akwai, kujeru akwai, masu son a ga sunansu a jikin kyauta ma ba a rasa su ba. Wuyar tana wuri guda: wa zai yi alƙalanci, kuma da wane mudu zai auna? Wanga tambaya ta girmi DJ, ta girmi kwamfuta, ta girmi kaset. Kakanninmu sun yi fama da ita, gwamnatin Nijar ta yi fama da ita, har mutanen Jamaika da na Landan ba su tsira ba. Shi ya sa ya kamata mu waiwaya baya kaɗan kafin a buga takardar gayyata.

Tun ba a san wani abu wai shi lantarki ba a ƙasar Katsinan Maraɗi, kowane gari yana da dandalinsa. Ranar kasuwa da la'asar, ko daren farin wata bayan kaka, ƴan mata su ci ado su fito, mai kalangu ya rataya kalangunsa, yaransa na biye da shi. Babu tebur, babu takarda, babu wanda aka naɗa alƙali. Amma hukunci ana yanke shi, kuma nan take. In makaɗa biyu suka haɗu a kasuwa guda, ba sai an tambayi kowa ba: inda ƙura ta fi tashi, can nasara take. Mudu biyu ne kawai, ƙafar ƴan mata da aljihun samari.

To me gwanin kalangu yake yi da ya sa ake barin wani a zo wurinsa? Nan ne abin yake, don duk wanda ya lura zai ga aikin DJ na yau ne sak. Kalangu ganga ce mai magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi kuma makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har kunne ya ji kalmomi. Saboda haka kowa yana da takensa: mahauta da nasu, manoma a wajen gayya da nasu, yarinyar da ta yi suna a dandali da nata. Gwani yana cikin wani kiɗa, da wutsiyar ido ya hango wance ta shigo fili, sai ya karkata hannu ya faɗa takenta ba tare da ya tsaya ba, masu rawa ma ba su san lokacin da aka sauya ba, sun dai tsinci ƙafarsu cikin sabon salo. Ya san lokacin da gumi ya yi yawa ya kamata a sassauta a sha iska. Ya san lokacin da fili ya fara sanyi, ana buƙatar a zuga shi. Ya kuma san taken da in ya buga shi a gaban wane, daren ba zai ƙare lafiya ba, sai ya haɗiye shi. Zaɓi, haɗi, da karanta fili. Babu abin da kwamfuta ta ƙaro a kan waɗannan ukun, ta dai sauƙaƙa ɗaukar kaya.

Amma kada mu yi wa dandali kwalliyar da ba tasa ba. Alƙalancin taro yana da nasa ciwo. Ɗan gari yana da dangi, baƙo ba shi da kowa. Saurayi guda mai kuɗi zai iya jawo taro zuwa wajen makaɗin da yake so don kawai budurwarsa na can. Akwai kuma maroƙin da ake ba kyauta ba don daɗin bakinsa ba, sai don tsoron zambo. Mutanen da ma sun san haka, shi ya sa suka bambanta wanda ya tara kuɗi a dare guda da wanda ake aika masa goro daga gari mai nisa.

Sai ga rediyo. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974, Rediyon Kaduna kuma ta fara a 1962. Mu da ke bakin iyaka duka biyun muna kama su, kunne guda a Yamai, guda a Kaduna. A nan ne karo na farko aka sami mutumin da ba ya buga ganga, ba ya rera waƙa, amma kiɗa ne sana'arsa: shi ne mai zaɓen faifan da za a sa, da wanda zai biyo bayansa. Mai gabatar da Zaɓi Sonka shi ne kakan DJ a ƙasar Hausa, ko samarin yanzu sun yarda ko ba su yarda ba. Kuma da shi aka fara jefa ƙuri'a daga nesa. Ka sayi kati, ka rubuta gaisuwa, ka zaɓi Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya. Waƙar da aka fi nema ita aka fi sawa. Sai dai mai hali yana iya aika kati goma shi kaɗai, talaka ko guda bai aika ba. Ku riƙe wanga magana, za mu dawo kanta idan mun iso Facebook.

Daga nan kaset ta cika gari. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1980 suna tuna rediyo mai kaset a tsakiyar tabarma, da yaron da aka ba biro yana juya zare da hannu don kada batir ya ƙare. Babban abin kunya a lokacin shi ne shiru: kaset ta ƙare ana tsakiyar rawa, a tsaya cirko-cirko ana lalubo wata. Mai wayo sai ya aro rediyo ta biyu, ya shirya ta tun kafin ta farko ta mutu. Wanda bai taɓa jin sunan New York ba, larura ta koya masa abin da ake yi a can.

Tebur da takarda da alƙalai kuwa, gwamnati ce ta kawo su. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da Samariya, ya mai da wasannin gargajiya harkar ƙasa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya ɗauko takobi. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi. Ana gasar waƙa, rawa, wasan kwaikwayo da kiɗan gargajiya. Ba kai tsaye ake zuwa ba: sai ƙungiya ta yi fice a gundumarta, kamar Madarumfa, sannan ta kara da sauran gundumomi a Maraɗi, wadda ta tsira ita za ta wakilci jiha.

Ku dubi bambancin wasannin nan biyu, don duk rikicin alƙalancin kiɗa yana cikinsa. A kokowa, wanda ya faɗi ya faɗi. Ƙasa ce shaida, mutum dubu sun gani. Ko an yi gardama, a kan ko gwiwa ta taɓa ƙasa ne ko ba ta taɓa ba, abu ne da ido ke iya rabawa. Amma a filin kokowar nan dai ana ba da kyautar kirari da ta shigar gargajiya, kuma nan babu wanda ke faɗuwa. Dole wasu mutane su zauna su ce na wane ya fi. Kiɗa ɗan wannan gida ne. Ba a kayar da DJ a ga bayansa da ƙura.

A 1987, shekarar da Kunce ya rasu, aka fara gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa. Duk wanda ya san tarihin kiɗan Nijar ya san gasar nan ta tada matattu. Ƙungiyoyin da suka saba kwaikwayon kiɗan Kongo da na Kuba suka koma tono waƙoƙin gida, don sun gane abin da alƙalai ke nema ke nan. John Sofakole ya ci ta a 1989. Aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, kuma daga wannan zamani ne su Fati Mariko, Musa Pusi, Yakuba Mumuni da namu na Maraɗi, marigayi Sa'adu Bori, suka fito duniya ta san su. Faifan da Sa'adu Bori ya yi tare da Musa Pusi, Niamey Twice, ya fito a 1994 har ƙasashen Turai.

Me tebur ya kawo wanda dandali ba shi da shi? Ya kawo ƙa'idar da aka faɗa tun kafin a fara. Ya ba kowa lokaci daidai da na ɗan uwansa. Ya sa yaron ƙauye da ba shi da dangi a birni zai iya doke ɗan birni a gaban iyayensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi ma tebur da nasa ciwon. Da mawaƙa suka gane abin da ke faranta ran hukuma, haɗin kan ƙasa, dashen itace, noman rani, sai aka riƙa ƙera waƙa don kunnen alƙali. Wasu sun yi daɗi har yau ana rera su. Wasu kuwa sun ci kyauta, an yi tafi, an ɗauki hoto, amma ba a taɓa jin wata amarya ta ce a sa mata su ranar bikinta ba. Idan alƙali ya yi nisa da fili, abin da ake samu ke nan.

Yanzu mu ƙetara teku, don sunan DJ da kayan aikinsa daga can suka zo. A Kingston, babban birnin Jamaika, cikin shekarun 1950, talakawa ba su da kuɗin shiga gidajen rawa na masu hali. Sai wasu mutane irin su Duke Reid da Coxsone Dodd suka riƙa loda manyan lasifika a mota, su kafa a fili, su sa faya-fayan da suka sayo daga Amurka. In biyu suka kafa kusa da juna, taro ne alƙali, kamar dai kasuwarmu. Kishin ya kai har mutum yakan kankare sunan da ke jikin faifai don kada ɗan leƙen asirin abokin hamayya ya gane wace waƙa ce ya je ya sayo. Kuma an sha ba hammata iska, har da ɗauko ƴan daba su tarwatsa taron wani. Wanda ya ce faɗan magoya bayan DJ sabon abu ne na yaran yanzu, bai san tarihi ba.

A New York kuwa, wajen 1969, wani mai suna Francis Grasso ya shahara da sa abin ji a kunne, yana sauraren faifai na biyu a asirce, yana daidaita gudunsa da na farko, sannan ya shigo da shi ba tare da rawa ta yanke ba. Ran 11 ga Agusta 1973 wani ɗan Jamaika da ya yi ƙaura zuwa unguwar Bronx, Kool Herc, ya yi kiɗa a wani biki da yanzu ake lissafa shi a matsayin mafarin hip-hop. Dabararsa ita ce ya sayi faifai iri guda har biyu, ya riƙa maimaita daidai gurbin da ganguna suka rage su kaɗai, don ya lura nan ne masu rawa suka fi haukacewa. Mai kalangu zai ce ai mun daɗe da sanin wannan.

Gasa mai tebur ta zo daga baya. A 1985 ƙungiyar DMC ta fara gasar DJ a Landan. Da farko haɗa waƙa da waƙa cikin tsabta ake dubawa. Shekara guda kacal, a 1986, wani Ba'amurke mai suna DJ Cheese ya zo da salon goga faifai da hannu yana fitar da wani sauti daban, ya ci, daga nan gasar ta sauya fuska ɗungurungum. Aka koma ba kowa minti 6 ya nuna gwanintar yatsu. Abin kallo ne, wallahi, amma ba abin rawa ba ne. Ciwon gasar Samariya ne ya sake fitowa a Ingila: an burge alƙali, an manta da ƙafa. Shi ya sa daga baya gasar Red Bull 3Style ta zo da wani tsari, minti 15 ga kowa, dole ka taɓa aƙalla nau'in kiɗa uku, kuma cikin abin da ake ba maki har da yadda taro ya amsa. Wato sun yi ƙoƙarin zaunar da tebur a tsakiyar dandali.

Akwai wata hanya kuma da ta fi kusa da mu, ta Abijan. Kiɗan kupe-dekale ya taso a farkon shekarun 2000 a hannun su Douk Saga, kuma a can DJ ba mai sa waƙa kawai ba ne. Yana riƙe da makirfo, yana kiran sunayen masu kuɗi yana wasa su, su kuma suna watsa masa takardu. Salon wasa mutanen daga Kinshasa suka aro shi. DJ Arafat, wanda ya rasu a hatsarin babur ran 12 ga Agusta 2019, ta haka ya fara. Mu kuwa da muka gani ba mu ga baƙon abu ba: roƙo ne da liƙi, sun sa wando da tabarau. DJ ɗinmu na yau gadon gida uku ya ci, hannu daga New York, baki daga Abijan, kunne daga dandali.

Waƙoƙin da yake sawa kuma, yawancinsu ta hanyar Jibiya suka shigo. Tun da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, musamman bayan Sangaya a 1999, fiyano ta Yamaha ta karɓe aikin da ganguna ke yi, aka shiga zamanin nanaye. Su Ali Jita, Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, har zuwa Jarumar Mata ta Hamisu Breaker a 2020 da Warr ta Ado Gwanja a 2022. Tasirin bai tsaya kan Hausawa ba: Mdou Moctar, Buzun da yanzu ke zagaya duniya da gita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin muryar inji ta waƙoƙin Hausa, kuma ta waya zuwa waya ya yaɗu. Kaset ta ba CD wuri, CD ya ba memori wuri, masu cajin waya suka zama masu tura waƙa. Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019 har Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har Maris 2024, an ma yanke wutar da ke zuwa mana daga can. Shinkafa ta tsaya, mai ya yi tsada, amma waƙa ba ta san duwan ba. Da safe a sake ta a Kano, da dare ana rawarta a Ɗan Issa.

To, da duk wannan a hannu, yaya za a auna DJ biyu a ce wane ya fi?

Abin da ya fi ɓata hukunci shi ne ƙara, don haka da ita za a fara. Kunnen ɗan Adam yana da wata dabi'a: in aka sa masa waƙa guda sau biyu, ta biyun aka ɗan ƙara mata sauti, zai rantse ta biyun ta fi daɗi. Masu aikin sutudiyo sun san wannan sarai. Saboda haka in kowa ya zo da nasa bafil da nasa gurup, ba DJ aka gwada ba, aljihun ubangidansa aka gwada. Kaya guda za a kafa, a ɗaure sautin a wuri guda, kowa ya hau ya sauka a kansu. Akwai ma maganar lafiya a ciki. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi ya ce desibel 85 ana iya jure shi awa 8, amma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙara a wurin kiɗa ya wuce 100 ɗin nan. Ku tuna su wa ke zama dab da lasifika a bukukuwanmu: yara ƙanana, da jarirai a bayan uwayensu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Sai maganar a yi a gaban ido. Yau mutum zai iya sauko da mikis ɗin awa guda da wani ya haɗa a Legas ko Kaduna, ya danna, ya tsaya yana murɗa maɓallan da ba su haɗe da komai ba. A gasar da aka ce kowa ya turo nasa ta WhatsApp, babu yadda za a gane. Maganinsa mai sauƙi ne: ana tsakiyar kiɗa alƙali ya miƙa masa sunan wata waƙa a takarda, ya ce shigo da ita cikin minti biyu. Mai hannu zai yi murmushi. Mai dannawa zai fara cewa kwamfuta ta sami matsala.

Shi haɗin kansa, ga yadda yake aiki ga wanda bai sani ba. Kowace waƙa tana da gudunta, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti guda. Amapiano na Afirka ta Kudu, wanda ya cika ko'ina tun wajen 2020, yana tafiya wajen bugu 110 zuwa 115. In za ka shiga wata waƙa daga cikinsa, dole gudunsu ya zo daidai, kuma bugun farko na wannan ya faɗa kan bugun farko na waccan, in ba haka ba sai ka ji kamar dawaki biyu na sukuwa a kan kwalta. Manhajar VirtualDJ, wadda wani kamfanin Faransa ya fitar a 2003 kuma ita ce a yawancin kwamfutocin yaranmu, tana da maɓallin da ke yin wannan da kansa. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi. Amma yana aiki ne a kan kiɗan da inji ya buga, mai tafiya huɗu-huɗu ba kuskure. Kiɗanmu na gargajiya da yawa uku-uku yake tafiya, kuma hannun mutum ne ya buga shi: makaɗan Shata in waƙa ta yi daɗi gudu suke ƙarawa, masu ƙwaryar Barmani Choge haka. Nan maɓalli yake rikicewa, sai kunne. A ganina duk gasar da za a yi a ƙasar Hausa, a sa wannan ya zama babban gwaji. Fita daga amapiano ka shiga kalangu, ka dawo, ƙafa ba ta yi tuntuɓe ba. Wanda ya yi wannan ya wuce ɗan dannawa.

Akwai kuma abin da ba za ku samu a takardar makin Landan ba, don su ba su da matsalar. Bahaushe magana yake saurare a waƙa kafin kiɗa. Mata a wajen biki suna bin baiti da baki, suna jiran gurbin da za su ɗaga hannu su yi wa kishiya habaici. DJ ɗin da ya datse mawaƙi a tsakiyar magana, ko haɗinsa ya yi santsi kamar man shanu, ya yi ɓarna. A bari baiti ya sauka, amshi ya rufe, sannan a juya. Haka wanda ke sako sunansa kowane rabin minti a kan muryar mawaƙi. Mun ji, kai ne, Allah ya ƙara ɗaukaka, bar mu mu ji waƙa. Ya kamata a rage masa maki, a kuma rage wa wanda bai san gaban wa yake ba. Waƙar da ta dace da samari ƙarfe goma na dare ba ita ta dace da wunin da surukai ke zaune ba. Irin wanga rashin lura ne ya ba hukumomin Hizba a wasu jihohin arewacin Najeriya hujjar sanar da hana kiɗan DJ a bukukuwa, kuma in hani ya zo ba ya tambayar waye mai hankali a cikinsu, tuwon kowa yake zubarwa.

Saura ƙuri'ar jama'a. Kada a jefar da ita, don DJ ɗin da ba a yi wa rawa ba bai yi komai ba. Amma a auna ta da ido a fili: mutum nawa suka tashi, nawa suka zauna da aka sauya waƙa, mata sun shiga ko samari ne kaɗai ke tsalle. Ƙirga masu danna so a Facebook katin Zaɓi Sonka ne ya dawo, mai waya uku ya jefa uku, mai dangi a ci-rani ya tara ɗari, matan da su ne ainihin masu rawar kuwa da yawansu ba su da kuɗin intanet. Liƙi ma yanzu ba mudu ba ne a bakin iyaka. Mutum ya canza jaka biyu ta sefa zuwa ƙananan takardun naira, ya yi ta watsawa kamar ruwan Agusta, a ɗauka dukiya ya zubar.

Su wa za su zauna a tebur? DJ guda daga wani gari, wanda ba shi da yaro a cikin masu gasa, don shi zai gane mai dannawa. Mace guda daga cikin waɗanda ake kira in za a shirya biki, don ita ta san abin da ke tada mata daga tabarma. Sannan tsohon mai kalangu. Har yanzu suna nan cikin garuruwanmu, da yawansu lasifika ta karɓe musu bukukuwan da da su suke ci da iyali, kalangun na rataye a bango tsarkiya ta bushe. Babu wanda ya kai su jin inda bugu ya goce. Kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai, a ɗaga takarda a nuna wa jama'a kafin na gaba ya hau, kada a ce sai an shiga ɗaki an tattauna. A fara da la'asar a tashi da wuri, kowa ya san halin da hanyoyin yankinmu ke ciki da dare. Kuɗin zaman alƙalai kuma a ba su tun ba a tada gurup ba, daga aljihun masu shirya gasa, kada ya zama wanda ya ci ne zai sallame su.